Na'urar Da Ke Gadin Gidan Caca Ta Iso Tambuwal Da Kebbe

Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega ya ratsa ta Tambuwal, ko ya karkata ya nufi Kebbe da Kuchi, ba zai ga gidan caca irin na Turai ba, wato mai fitilu kala-kala da dogayen tebura da ma'aikata sanye da kwat. Irin waɗannan gidaje a Nijeriya sai a manyan otal-otal na Ikko da Abuja. Amma fa rashin ginin bai hana abin da ke cikin ginin isowa ba. Ya iso ne a cikin aljihu, ta wayar hannu, kuma bai zo shi kaɗai ba, ya taho da mai gadinsa. Wannan mai gadi kuwa ba mutum ba ne, na'ura ce mai ƙwaƙwalwa wadda aka koya wa aiki guda, watau ta rarrabe tsakanin ɗan cacar da za a ci da wanda zai iya ci.

Caca dai ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun zamanin da wuri ne kuɗi ake zuba shi a kan tabarma, daga baya karta ta shigo, 'yan wala-wala kuma suka riƙa bin kasuwanni da tashoshin mota da katinsu uku, tare da abokin sirrinsu wanda zai yi ta ci a gaban jama'a don ya jawo baƙauye. A wancan zamani mai gidan caca da idonsa yake tsaro. Yana zaune a gefe yana cire la'adarsa, in ya ga wani ya cika sa'a sai ya zuba masa ido, in abin ya yi yawa a daina zama da shi. Hukuma ma ba ta taɓa sakin al'amarin ba. A shekarar 1977 Gwamnatin Mulkin Soja ta kafa dokar hana injunan caca da ake kira kalo-kalo, a shekarar 2000 kuma Jihar Sakkwato ta shiga sahun jihohin da suka ɗauki dokokin Shari'a, inda caca ta zama laifin da kotu ke hukuntawa, bayan haramcin da kowane ɗan makarantar allo ya sani daga Suratul Baƙara da Suratul Ma'ida.

To, sai dai dokar ta san tabarma, ta san shago, ba ta san waya ba. Kafin a fahimci abin da ke faruwa a cikin wayar, wajibi ne a koma inda aka fara yaƙin tsakanin gidan caca da masu wayo, wato Jihar Nevada ta ƙasar Amurka.

MALAMIN LISSAFI DA KARTA

Kusan dukkan wasannin gidan caca an gina su ne a kan lissafin da ba ya tashi. Ƙwallon da ake wurgawa a faifan rulet ba ta tuna inda ta faɗa a jiya, saboda haka rinjayen mai gida yana nan daram a kowane juyi. Wasa ɗaya ne ya fita daban, shi ne na karta da ake kira bilakjak, ko ashirin da ɗaya, inda ɗan wasa ke neman makinsa ya fi na mai rabo ba tare da ya zarce 21 ba. Abin da ya bambanta shi kuwa shi ne, katin da aka jefa ba ya komawa cikin ƙunshi sai an sake cuɗawa. Ke nan abin da ya fita yana ba da labarin abin da ya rage. Idan ƙananan katuna sun fita da yawa, manya ne suka rage, kuma manyan katuna ɗan wasa suke taimaka wa. Idan manyan ne suka fita, to, rana ta mai gida ce.

Wani malamin lissafi mai suna Edward Thorp, wanda a lokacin yake koyarwa a Kwalejin Fasaha ta Massachusetts da ake kira MIT, shi ne ya zauna da na'urar IBM ya tabbatar da wannan da alƙaluma. Ya je Nevada da jarin dala 10,000 da wasu attajirai suka ba shi, ya dawo da ribar dala 11,000 cikin 'yan kwanaki. A shekarar 1962 ya buga littafinsa mai suna Beat the Dealer, littafin ya yi kasuwa ƙwarai. A shekara mai zuwa wani injiniya, Harvey Dubner, ya sauƙaƙe hanyar yadda mai matsakaicin kai zai iya riƙewa: duk katin da ya fito daga 2 zuwa 6 a ƙara ɗaya a zuci, duk mai goma ko as a rage ɗaya, sauran a bar su. In adadin ya hau sai a ƙara kuɗin da aka aza, in ya sauka a rage.

Kada mai karatu ya ɗauka wata taska ce aka buɗe. Wanda ya iya wasan sosai ba tare da ƙidaya ba, mai gida yana rinjayarsa da kimanin rabin kashi ɗaya cikin 100. Wanda ya ƙware a ƙidaya yakan juya rinjayen ya koma wajensa da kimanin kashi ɗaya cikin 100, kuma sai ya yi sa'o'i ɗaruruwa yana zaune, da jari mai kauri da zai jure faɗuwa, kafin wannan ɗan rinjaye ya zama kuɗi. Amma wannan ɗan kashi ɗaya ya isa ya hana masu gidajen barci. A shekarar 1964 gidajen cacar Las Vegas suka sake dokokin wasan, jama'a suka ƙaurace wa teburan, ala tilas suka janye. Daga nan suka koma haɗa ƙunshin karta shida ko takwas wuri guda maimakon ɗaya mai kati 52, da yawan cuɗawa, daga baya kuma aka ƙera injin da ke cuɗa karta ba tsayawa.

LITTAFIN HOTUNA

Abin lura shi ne, ƙidayar karta da ka ba laifi ba ne a dokar Amurka. Mutum bai taɓa kati ba, bai haɗa baki da ma'aikaci ba, tunani kawai ya yi. Amma a Nevada doka ta ba mai gida ikon ya sallami duk wanda ba ya so. Matsalar ita ce yadda za a gane shi. Da fari wasu ma'aikata ne ke kwanciya a kan silin suna leƙen tebura ta madubin da ake gani ta fuska ɗaya, sa'an nan kyamarori suka maye gurbinsu. A shekarar 1967 wani mai bincike, Robert Griffin, ya kafa kamfanin da ke tara hotuna da sunayen 'yan maguɗi da masu ƙidaya a littafi guda, yana sayar wa gidajen caca. Wanda aka kora a wannan gida sai ya tarar hotonsa ya riga shi isa wancan.

Masu ƙidaya su ma ba su zauna ba. Suka shiga ɓad da kama, da gemun ƙarya da tabarau da sunayen aro. Suka kuma ƙirƙiro aikin gayya: 'yan leƙe su zauna a tebura dabam-dabam suna aza kuɗi kaɗan suna ƙirgawa, in tebur ya nuna sai su yi wa babban ɗan wasa ishara, shi kuma ya zo kamar wani attajiri mai almubazzaranci ya zuba dubbai. Da wannan dabara ƙungiyar ɗaliban MIT ta ci miliyoyin daloli tsakanin shekarun 1980 da 1990. Wani daga cikin mashahuran masu ƙidaya, Ken Uston, ya kai ƙara a Jihar New Jersey, a 1982 Kotun Ƙolin jihar ta ce gidajen cacar Atlantic City ba su da ikon korar mutum don ya iya lissafi. Nasarar ba ta yi wani amfani ba, domin an bar masu gida su cuɗa karta duk lokacin da suka so, su kuma rage masa abin da zai aza. Kamfanin Griffin kuwa ya durƙushe a 2005, bayan wasu 'yan wasa biyu sun yi nasara a kansa a shari'ar ɓata suna, don ya sa su cikin 'yan maguɗi alhali ba su yi maguɗi ba.

Akwai wani abu a nan da ya kamata ɗalibin shari'a ya tsaya ya duba. A shekarar 1985 Nevada ta kafa dokar da ta mai da shiga gidan caca da na'urar lissafi babban laifi mai kai mutum kurkuku. Thorp ɗin nan da abokin aikinsa Claude Shannon sun taɓa ƙera wata 'yar na'ura da ake ɓoyewa a jiki tun 1961 don hasashen inda ƙwallon rulet za ta faɗa, wasu kuma suka bi sahunsu da na'urori a cikin takalma. Dokar ta rufe wannan ƙofa ga baƙo. Ga mai gida kuwa ba ta rufe ba.

DAGA IDON MUTUM ZUWA IDON NA'URA

Mai gadi ɗan Adam yana gajiya, yana mantuwa, ana kuma iya ruɗinsa da gemun ƙarya. Abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira ya kawar da waɗannan raunuka ɗaya bayan ɗaya. Na'urar gane fuska tana auna tazarar idanu da tsarin ƙashin fuska, ta mai da su lambobi, ta gwada da dubban hotunan da ke ajiye tun mutum bai kai ga tebur ba. Wata manhaja da Jeff Jonas ya ƙirƙiro domin gidajen Las Vegas, wadda kamfanin IBM ya saye a 2005, aikinta shi ne tono dangantakar da ba ta fito fili ba, misali a gano cewa wannan baƙo da wancan mai rabon karta sun taɓa zama a gida ɗaya ko sun taɓa ba da lambar waya ɗaya. Su kansu ƙwandalolin roba da ake caca da su a madadin kuɗi an dasa musu ƙwayar lantarki a ciki, kamar yadda gidan Wynn ya yi tun buɗe shi a 2005, yadda tebur zai san nawa aka aza, wa ya aza, a kuma wane hannu.

In aka haɗa waɗannan wuri guda, asirin mai ƙidaya ya tonu. Na'ura tana ganin kowane kati, tana ƙirgawa fiye da yadda shi yake ƙirgawa, sa'an nan ta duba ko kuɗin da yake azawa yana hawa da sauka tare da ƙidayar. Ba ta bukatar ya ci ko sisi. Yana iya kasancewa cikin hasara a wannan dare, amma tsarin wasansa ya nuna ya san abin da yake yi, sai wani ma'aikaci ya dafa kafaɗarsa cikin ladabi ya ce masa yana iya yin kowane wasa a gidan ban da wannan. A Makau ta ƙasar Sin, wadda cinikin cacarta ya zarce na Las Vegas tun 2006, kamfanonin da ke da lasisi sun duƙufa a 2024 wajen sauya teburansu zuwa irin waɗannan masu ƙwaƙwalwa.

Ko wanda ya zo da wata dabara dabam bai tsira ba. A 2012 shahararren ɗan kartar nan na Amurka, Phil Ivey, ya ci fam miliyan 7.7 a gidan Crockfords na London ta hanyar lura da ɗan bambancin zanen da ke bayan katuna. Gidan ya koma ya binciki hotunan kyamara, ya ƙi biya, a 2017 kuma Kotun Ƙolin Birtaniya ta goyi bayan gidan.

ABIN DA KE CIKIN WAYA

Yanzu sai a dawo gida. Matashin da ke zaune a gidan kallon ƙwallo a Tambuwal ko Dogon Daji ran Asabar da yamma, ko ma'aikacin ƙaramar hukuma a Kebbe da albashinsa ya shigo, ba ya bukatar zuwa Ikko. Kamfanonin cacar wasanni irin su NairaBet da aka kafa a 2009, da Bet9ja da ya fara a 2013, da SportyBet da BetKing, duk suna cikin wayarsa, mai POS kuma yana bakin hanya don zuba kuɗi a asusu. Da yawa daga cikin masu yi ba sa ma kiran abin caca. Cewa suke yi nazari ne, sun san 'yan wasa, sun san wanda ya ji rauni, sun san ƙungiyar da ba ta cin wasa a waje. Wato kowannensu yana ganin kansa a matsayin Thorp.

Lissafin kuwa ga yadda yake. A ɗauka ƙungiyoyi biyu ƙarfinsu ɗaya. Adalci shi ne wanda ya aza Naira 100 ya ci a ba shi 200. Kamfani sai ya ba da 190. Mutum biyu sun aza ɗari-ɗari a ɓangarori biyu, an karɓi 200, an biya 190, goma ta zauna, wato kashi 5 cikin 100. Wannan a wasa ɗaya ke nan. Amma abin da ya fi jan hankalin matasa shi ne jera wasanni da yawa a tikiti guda don Naira 100 ta haifi dubbai. In aka jera irin waɗannan wasanni goma, damar cin dukkansu ɗaya ce cikin 1,024, la'adar kamfani kuma tana ninkuwa a kowane mataki, har ya zama cikin kowace Naira 100 da jama'a suka zuba kimanin 60 ce ke komawa hannunsu. In wasanni ashirin ne, abin da ke komawa bai wuce 36 ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Duk da haka akwai 'yan ƙalilan a duniya da ke cin kamfanonin wasanni da gaske. Wasu suna da lissafin da ya fi na kamfani kyau a ƙananan gasanni, wasu suna farautar kuskuren farashi, wasu kuma suna aza kuɗi a kamfanoni biyu da farashinsu ya saɓa yadda ko wace ƙungiya ta ci suna da 'yar riba. Waɗannan su ne magadan masu ƙidayar karta, kuma gano su a waya ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. A gidan caca sai an nemi fuskar mutum. A waya shi da kansa ya miƙa sunansa da lambarsa da asusun bankinsa, asusun yana ɗaure da lambar BVN da aka fito da ita a 2014, layin wayar kuma yana ɗaure da lambar zama ɗan ƙasa tun umarnin da Gwamnatin Tarayya ta bayar a ƙarshen 2020. Na'urar kamfani tana rubuta lokacin da ya shiga, da irin wasan da ya zaɓa, da wayar da ya yi amfani da ita. Babban ma'auninta shi ne ta gwada farashin da ya kama da farashin da aka rufe da shi dab da busa usur. Wanda kullum yake kama farashi mai kyau kafin ya faɗi, to, ya san wani abu. Ba za a kore shi da hayaniya ba. Zai wayi gari ne kawai ya tarar ba a karɓar fiye da 'yan canji daga hannunsa, sharuɗɗan da ya amince da su ba tare da ya karanta ba kuwa sun ba kamfani wannan iko. In ya buɗe wani asusu da sunan ƙaninsa, wayar da salon wasan za su tona shi.

Wannan ba zato ba ne. A watan Yulin 2025 Hukumar Kula da Caca ta Birtaniya ta bayyana alƙaluman da ta karɓa daga manyan kamfanoni: cikin asusu kusan miliyan 15, sama da 640,000 an taƙaita su, wato kimanin kashi 4 cikin 100. Kusan rabin waɗanda aka taƙaita masu riba ne, alhali a cikin jimlar masu asusu mutum ɗaya cikin huɗu ne kawai ke da riba. A Jihar Massachusetts ta Amurka hukuma ta kira taro a watan Mayun 2024 don kamfanoni su yi bayanin yadda suke taƙaita masu ci, akasarinsu suka ƙi halarta. Ma'anar wannan ga mai nazarin ƙwallo na Tambuwal a fili take. In ya shekara uku yana wasa ba a taɓa rage masa ko kwabo ba, sai ma saƙonnin garaɓasa da ake aiko masa, to, na'ura ta riga ta auna shi ta yanke hukunci a kan iyawarsa.

IDO ƊAYA, AIKI BIYU

Masu kamfanoni suna da hujjarsu, kuma ba duka ba ce ta banza. Sun ce da wannan ido ne ake kama masu sayar da wasa, da masu wanke kuɗin haram, da yara ƙanana, da kuma wanda caca ta zame masa ciwo. Gaskiya ne a Jihar Kudancin Ostareliya doka ta tilasta wa manyan wuraren injin caca sanya na'urar gane fuska tun ƙarshen 2020, domin a tare mutanen da aka hana shiga, ciki har da waɗanda suka roƙa da bakinsu a hana su. Na'urar da ta iya gane gwani cikin 'yan kwanaki ba za ta kasa gane mutumin da ke zuba kuɗi da ƙarfe uku na dare yana bin abin da ya rasa ba.

Tambayar ita ce wanne daga cikin biyun ake gaggawar tsayarwa. A watan Maris na 2023 hukumar Birtaniya ta ci kamfanonin rukunin William Hill tarar fam miliyan 19.2, kuma cikin laifuffukan da ta lissafa har da barin wani sabon mai asusu ya kashe fam 23,000 cikin minti ashirin ba tare da an bincike shi ba. Wannan a ƙasar da ke da hukuma mai haƙora ke nan.

A Nijeriya kuwa al'amarin ya ɗauki wani salo. Ran 22 ga Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Jihar Legas ta shigar tun 2008, ta ce Dokar Caca ta Ƙasa ta 2005 ba ta da ƙarfi sai a Babban Birnin Tarayya, ikon tsara caca na jihohi ne. Jihohin Kudu da ke ba da lasisi suna karɓar haraji sun yi murna. A Kano, Hukumar Hisba, wadda ta riga ta rufe shagunan cacar ƙwallo da dama a wannan shekarar, ta ɗauki hukuncin a matsayin ƙarin ƙarfi. Amma jihar da ta haramta abu ba ta da teburin da za ta zauna da mai sayar da shi ta gindaya masa sharuɗɗa, shago kuma ana iya sa masa kwaɗo, manhajar waya ba a iyawa. Saboda haka ɗan Kebbe da ke wasa a waya yana hulɗa ne da kamfanin da ya karɓi lasisinsa a wata jiha mai nisan ɗaruruwan kilomita, a ƙarƙashin dokar da ba ta san da zamansa ba.

Akwai Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023, wadda ta ba ɗan ƙasa haƙƙin ya nemi sanin abin da kamfani ya tara a kansa, ya kuma ƙi amincewa da hukuncin da na'ura kaɗai ta yanke masa in hukuncin ya shafe shi ƙwarai. Hukumar da ke kula da dokar tana Abuja. Wanda aka riƙe wa kuɗi ko aka rufe wa asusu a Kuchi ko Sanyinna, kafin ya rubuta takardar koke sai ya fara sa hannu a kan cewa yana aikata abin da dokar jiharsa ta hana, abin da kuma ba zai so mahaifinsa ko limamin unguwarsu ya ji ba. Galibi shiru ake yi, a sayi sabon layi.